Cin gashin hayaƙi a ƙauyen Teksas: daga layin safe zuwa kan sikeli

Duk wanda ya sauka jihar Teksas ta Amurka, karatu ne ya kai shi ko aiki ko ziyarar 'yan uwa, da wuya ya yi wata guda wani bai ce masa a je ƙauye a ci babakiyu ba. Haka suke kiran naman da ake gasawa a hankali da zafin hayaƙin itace, wani lokaci dare guda cur. Gayyatar tana da sauƙi a baki, amma tafiyar tana da matakai, kuma babu mai zaunar da kai ya bayyana maka su, domin 'yan gari tashi suka yi suka tarar da abin. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin lissafi, saboda gidan da ya ƙware wajen gasa naman sa shi ne dai yake gasa na alade a rumfa ɗaya. Mu huɗu muka je wani gidan gashi a wani ƙaramin gari gabas da Austin, babban birnin jihar, wani dattijo da ya daɗe a Houston shi ya ja mu, ga kuma yadda abin ya gudana daki-daki.

Aikin farko tun kana gida ake yin sa, wato sanin wane yanki na kudancin ƙasar Amurka za ka dosa, don kowane yanki da dabbarsa. A gabashin Karolina ta Arewa alade ake gasawa sukutum, a daddatse shi a yayyafa masa khal, wato ruwan tsami, da barkono. A yammacin jihar, wajen garin Lexington, kafaɗarsa suke gasawa. Wani sashe na Karolina ta Kudu miyar mastad suke zuba masa, Memphis kuwa da haƙarƙarinsa ta yi suna. A irin waɗannan wurare abin da zai rage maka bai wuce kaza ba, ita ma a kan ƙarfen da aka ɗora wancan. Arewacin Alabama suna da kazar da ake tsomawa cikin farar miyar mayonis, wadda gidan Big Bob Gibson na Decatur ya yi fice da ita, Owensboro ta jihar Kentucky kuma naman tumaki suke ji da shi. Inda naman sa yake sarauta shi ne tsakiyar Teksas, garuruwa irin su Lockhart da Luling da Taylor da Elgin. Teksas ma tana da tata Lexington ɗin, saboda haka in ka buga sunan a taswirar waya ka duba jihar da kyau.

Mataki na biyu waya ce. A buga wa gidan ranar da suke aiki, bayan ƙarfe 2 na rana lokacin da cunkoso ya lafa. Kada a tsaya kan tambayar ko namansu halal ne, don sau da yawa yaron da ya ɗauki wayar bai san abin da ake nufi ba, sai ya ce e alhali abin da yake nufi shi ne naman sa ne. Tambayoyin da muka yi huɗu ne: daga wane kamfani suke sayen naman sa, wane irin murhu suke amfani da shi, cikin hanjin wace dabba suke cusa sosej, sannan me suke jefawa cikin tukunyar wake. Ta farko ita ce babba. A mayankan Amurka ana sumar da saniya da wata bindigar ƙarfe a goshi kafin a zubar da jini, bisa dokar tarayya da aka fara kafawa a 1958, ko da yake dokar ta keɓe yankan addini. Malamai sun saɓa a kan irin wannan nama: wasu suna sa shi cikin yankan Ahlul Kitabi bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wasu kuma ba sa yarda sai an tabbatar da yankan Musulmi. Wannan magana ce tsakaninka da malaminka, kuma a gama ta kafin a tayar da mota, ba a gaban mai yanka da mutane tsaye a bayanka ba. Akwai kamfanoni masu takardar shaidar halal da gidajen gashi na Teksas suke saye a wurinsu, irin su Creekstone Farms na jihar Kansas. Gidan da muka zaɓa ya ba mu sunan kamfaninsa ba tare da wani ja-in-ja ba, muka duba muka gamsu. Wanda zuciyarsa ba ta amince da haɗa murhu da alade ba ko kaɗan, gara ya nemi gidajen gashi na Musulmi da ke yankin Dallas da Houston, ya huta da sauran tambayoyin.

A wayar ne kuma za ka tabbatar da ranaku da lokaci, domin gidajen ƙauye ba kullum suke buɗewa ba, kuma ba su da lokacin tashi sai lokacin da nama ya ƙare. Snow's BBQ da ke Lexington ta Teksas, wanda mujallar Texas Monthly ta ɗora a kan gaba a 2008 da kuma 2017, Asabar kaɗai yake aiki, daga ƙarfe 8 na safe, kuma mutane tun cikin dare suke kama layi don su ci gashin Tootsie Tomanetz, tsohuwar da aka haifa a 1935. A Lockhart kuwa, kimanin kilomita 50 kudu da Austin, tsofaffin gidaje irin su Kreuz Market na 1900 da Black's na 1932 suna aiki har yamma kuma layinsu yana tafiya da sauri. Namu yana tsakiya: Alhamis zuwa Asabar, ƙarfe 11 na safe har a karkaɗe.

Mun bar Austin wajen ƙarfe 7 na safiyar Asabar, bayan an yi asuba an karya da shayi kawai. Tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce, rabinta a kan ƙananan hanyoyin gonaki masu lamba da harufan FM. A sauke taswira a waya tun a gari, don akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa. A cika tanki. Da sassafe barewa kan faɗo titi, sannan da zarar an kusa shiga ƙaramin gari allon gudu yakan sauko daga mil 70 a sa'a zuwa 45 ko 35 cikin ɗan taƙi, kuma 'yan sandan ƙauye a daidai nan suke fakewa. Abin da muka loda a bayan mota: kujerun naɗi, ruwan sha da na alwala, darduma, laima, kula da ƙanƙara, da tsabar kuɗi kusan dala 200, saboda har yanzu akwai gidajen da ba sa karɓar kati ko kuma na'urarsu takan tsaya. Masallaci babu shi a irin waɗannan garuruwa, azahar a gefen mota ake yin ta.

Ƙarfe 8 da rabi muka isa. Gini ne na kwano da katako a bakin titi, fili na tsakuwa a gabansa cike da motocin a-kori-kura, warin hayaƙi kuwa tun kafin a kashe mota ya shigo ta taga. Mun tarar da mutum kusan 30 a gabanmu. Fitowa daga mota a garin da duk inda ka waiga farar fata ce da malafa, wani ma da ƙaramar bindiga a ƙugu, gaban mutum yakan ɗan faɗi. Bindigar ba alamar rigima ba ce, tun 2021 dokar Teksas ta ba yawancin manya damar ɗaukarta ba tare da lasisi ba. Fargabar kuma tana da asali, domin a kan gidan gashi aka yi ɗaya daga cikin manyan shari'o'in wariyar launin fata: a Disambar 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan Ollie's Barbecue na Birmingham a Alabama, cewa ba shi da ikon hana baƙar fata zama a ciki, alhali baƙaƙen ne suka daɗe suna tsaye a bakin murhun wannan sana'a tun zamanin bauta. Mu dai abin da muka tarar hira ce. Kafin rabin sa'a na kusa da mu sun san daga ina muke, sun ba mu shawarar abin da za mu saya, wani ya buɗe kularsa ya miƙo giya, muka ce mun gode ba ma sha, ya mayar ya ɗauko ruwa.

Layin yana da ladabinsa. Kujera tana riƙe maka wuri in za ka kewaya ko za ka ɗauko abu a mota, amma ba a yarda mutum ɗaya ya kama wa mutum 10 wuri su ɓullo dab da buɗewa ba. Wajen ƙarfe 10 wata ma'aikaciya ta fito da takarda tana tambayar kowa kimanin nauyin naman da zai saya, tana tarawa, har ta kai wani wuri ta shaida wa na bayan nan cewa ba ta yi musu alkawarin samun ƙirji ba. Abin da ya kamata a sa cikin lissafi shi ne buɗe ƙofa ba shi ne ƙarshen jira ba. Kowane ciniki a gaban mai shi ake yankawa a auna, minti 2 zuwa 3, don haka in akwai ciniki 25 a gabanka, sai ka ƙara sa'a guda a kan ƙarfe 11. A bazara zafin Teksas yana kai digiri 38, rumfar kuma ba ta rufe kowa. Laimar da muka ɗauko ta yi rana.

Lokacin jiran ne ya fi dacewa a nemi izini a leƙa rumfar murhu, kuma yawancinsu suna murna da hakan in dai ba ka taɓa musu komai ba. A nan ne idonka zai ba ka amsar tambaya ta biyu, ta murhu. Murhun da muka gani tsohon tankin gas ne mai cin galan 1,000, an kwantar da shi an yanka masa ƙofofi a jiki, an liƙa masa akwatin wuta a gefe ɗaya da dogon bututun hayaƙi a ɗaya gefen. Wuta ba ta taɓa naman, zafi da hayaƙi ne suke ratsawa ta kansa su fita. Mai gashin ya ɗaga ƙofa ɗaya da tsumma, ga ƙarfen ciki baƙi wuluk yana ƙyalli da maiƙo, talotalo jere a gefe guda, haƙarƙarin alade a ɗaya gefen, tazarar kamu biyu a tsakaninsu. A irin wannan murhu mai hawa ɗaya kitsen kowane nama ƙasa yake ɗiga. Akwai kuma wani nau'i mai shantuna da ke juyawa sama da ƙasa, wanda kitsen na sama yake zuba a kan na ƙasa, masu shi ma da wannan suke alfahari. In a irinsa ake haɗa alade da sa, to magana ta ƙare. Itacen da ake ƙonawa a wannan yanki itacen oak ne da ya bushe watanni, can yamma da kudu kuma meskit, dangin ƙiryar da maƙeranmu suke yin gawayi da ita. Ka duba bakin bututun: hayaƙi siriri mai ɗan shuɗi shi ne na kirki, fari mai kauri kuwa ɗanyen ice ne ko wutar da aka shaƙe, shi yake sa nama ɗaci.

Abin da ake yin duk wannan tafiya dominsa shi ne ƙirjin sa, wanda suke kira birisket. Ɗanyensa yakan kai kilo 5 zuwa 7, tsoka biyu ce a haɗe, ɗaya shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin kitse, ɗaya mai tudu da kitse ya ratsa ta. Nama ne mai jijiya, in aka gasa shi da gaggawa haƙori ba ya shigarsa. Sukan rage kitsen baya ya saura kaurin fensir, su barbaɗe shi da gishiri da masoro mai tsakuwa, shi ke nan a yawancin gidaje. Sai ya shiga murhu a zafin digiri 107 zuwa 135 na tsawon sa'a 12 ko fiye. Idan cikinsa ya kai kusan digiri 70 sai ya tsaya cak na sa'o'i, saboda ruwan da yake fitarwa yana sanyaya shi, a nan ne da yawa suke naɗe shi cikin takardar mahauta. Ana sauke shi a wajen digiri 95, lokacin da jijiyar ta narke ta zama danƙo, sannan a bar shi ya huta a naɗe cikin akwatin ɗumi na wasu sa'o'in. Kusan rabin nauyinsa yana tafiya a gyara da gashi, wannan ne ya sa kuɗinsa yake da zafi. A gidan da muka je tun daren jiya aka sauke ƙirjin, da asuba aka ɗora haƙarƙarin alade da sosej, wato ba su zauna tare a murhu ba, sai dai ƙarfen ɗaya ne.

Sha biyu saura muka shiga ciki. Babu mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da za ka ci, babu takardar jerin abinci, farashi a rubuce yake da alƙalami a kan takardar mahauta an manna a bango, duk abin da ya ƙare a ja masa layi. Ka gama shawara kafin ka iso gaba. Da nauyi ake saye, awonsu kuma laba ce, gram 454. Rabin laba tana isar mutum ɗaya in zai haɗa da burodi da wake, kuma babu laifi ka ce yanka biyu kawai kake so, a ɗora a sikeli a faɗa maka kuɗinsa. Tsarin bai da bambanci da tsayuwa gaban mai balangu, ka nuna inda kake so a yanka maka a zuba a takarda, sai dai nan sikeli ne yake yanke farashi ba ciniki ba. Asalin abin ma daga mahauta ne. Jamusawa da 'yan Cek da suka zauna a tsakiyar Teksas a ƙarni na 19 suna da shagunan nama, suna kyafe wanda bai saidu ba don kada ya lalace, masu tsinkar auduga kuma su saya su ci a kan takarda da albasa da biskit ɗin gishiri daga kantar shagon. Shi ya sa har yau faranti bai samu shiga sosai ba.

Tambayar farko da mai yanka zai yi maka ita ce mai kitse ko marar kitse. Ka karɓi duka biyun, amma ka fi yawaita mai kitse, don shi ya fi jure iska, marar kitsen kuwa a gidan da ya ƙware ne kawai yake fitowa da laushi. Kafin ya ɗaga wuƙa, nan ne wurin magana, domin katako ɗaya ne, wuƙa ɗaya, tsumma ɗaya, kuma wanda ya gabace ka wataƙila haƙarƙarin alade aka yanka masa. Dattijonmu ya ce, "Yallaɓai, mu ba ma cin alade saboda addini. Don Allah a taimaka a sauya safar hannu da wuƙa, a shimfiɗa sabuwar takarda a kan katakon." Mutumin ya ce, "Ba damuwa, yallaɓai," ya kira yaro ya kawo wata wuƙa daga ciki, ya yage takarda mai faɗi ya ninka biyu, sannan ya ɗauko sabon ƙirji da ba a taɓa ba ya kwance shi a gabanmu. Yana ajiye shi ya yi rawa a kan katakon, baƙi ƙirin ta waje, tururi yana tashi, da wuƙar ta ratsa sai ruwan kitse ya gangaro ta jikin yankan. Ya ɗan gutsuro gefen da ya fi ƙonewa ya miƙo mana ɗanɗano, al'adarsu ce. Duk roƙon bai ci minti guda ba. A faɗe shi a taƙaice, da fara'a, sau ɗaya, kuma tun kafin a fara yanka, don in an riga an yanka an ɗora a sikeli, mayar da shi asara ce gare su kuma fuska takan canja.

Mun karɓi ƙirji laba ɗaya da rabi, talotalo rabin laba, da ƙashin haƙarƙarin sa guda ɗaya. A yi hattara da wannan na ƙarshe. Farashin da ke bango na laba ne ba na ƙashi ba, ƙashi ɗaya kuma yakan haura laba, har da nauyin ƙashin ake aunawa, ba a kuma raba shi. A fayyace cewa na sa ake nufi, domin in ka ce haƙarƙari kawai na alade za a ba ka. Sosej kuwa mun bar shi, duk da dattijon yana cewa ƙamshinsa ya fi na kowa. Ko an rubuta cewa zallan naman sa ne, fatar da aka cusa shi a ciki kusan kullum hanjin alade ce, kuma mai sayarwa ba ɓoyewa yake yi ba, a wurinsa abin da ke ciki shi ne nama.

Daga nan sai a matsa gaba zuwa wurin mahaɗi, inda tarkon ya fi yawa don ido ba ya gani. Waken da suke dafawa wani gida da guntayen ƙirjin sa yake haɗa shi, wani da kitsen alade, kuma launi ba zai gaya maka ba. Dafaffen ganye irin na Kudu kusan kullum da ƙafar alade ake dafa shi, koren wake ma haka. Burodin masara wasu da man alade suke shafa kaskonsa. Kwaɗon kabeji da na dankalin turawa su suka fi zama lafiya, sai dai a duba ko an barbaɗa soyayyen alade a kan dankalin ko a kan makaroni mai cuku. A gidan nan an riga an shaida mana a waya cewa da guntayen ƙirji ake yin waken, muka sake tambaya a kanta aka ba mu amsa iri ɗaya, muka karɓa tare da kwaɗon kabeji. Farin burodi mai yanka-yanka da ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami kyauta ne, za a tambaye ka yanka nawa. Ka karɓi albasar da kokwambar da yawa, su suke yanke maiƙo.

Wurin biya yana ƙarshen kanta. Ƙirji dala 32 ne laba a ranar, ya kama 48. Ƙashin haƙarƙarin ya tashi kusan 47, talotalo 12, mahaɗi biyu 10, abin sha na mutum huɗu 12, jimla kusan dala 129. Farashin bango bai haɗa da haraji ba, wanda a Teksas yake kaiwa kashi 8.25 cikin 100 a mafi yawan garuruwa, sai ya ƙara kusan 11. Na'urar kati za ta juyo gare ka tana tambayar tukwici. Tunda da kanka ka ɗauko abincinka ba dole ba ne ya kai na gidan abincin da ake yi maka hidima a tebur, amma wanda ya sa aka sauya masa wuƙa da takarda bai kamata ya matse hannu ba. Mun ba da 20, duka ya tsaya a kan dala 160, wato 40 kowane mutum. Farashin naman sa yana ta hawa a 'yan shekarun nan, don haka a tafi da abin da ya fi haka.

Dogayen tebura ne na katako da benci, ana zama da wanda aka tarar. A zauna a fara ci nan take, ɗaukar hoto ya zo daga baya ko a bar shi, saboda yankakken ƙirji cikin minti 10 yake fara bushewa ya yi duhu. Da hannu ake ci, kuma babu mai kallonka. A ƙarƙashin baƙin ɓawon za ka ga wani jan layi ya zagaye naman. Ba ɗanye ba ne kuma ba jini ba ne, iskar da ke fita daga wutar itace ce take kama launin tsoka ta hana shi komawa toka-toka, har a jikin talotalo akan gan shi. Gwajin da masana suke yi mai sauƙi ne: ɗora yanka ɗaya a kan yatsa, ya lanƙwasa ta gefe biyu bai karye ba, in ka ɗan ja shi kuma ya rabu. Wanda ya ƙi rabuwa an yi saurin sauke shi. Wanda ya ruguje tun kafin ka ɗaga ya wuce misali ko ya daɗe a akwatin ɗumi. Kitsen da ya nuna yakan yi ruwan ɗorawa ya narke a harshe, fari mai tauri kuwa zafi bai ratsa shi ba. A ganina mai kitsen da haƙarƙarin sun cancanci jiran, talotalon kuma ya ba ni mamaki don da man shanu suke ajiye shi, marar kitsen dai matsakaici ne.

Bahaushe zai ji kamar an manta da yaji, kuma gaskiya ne, gishiri da masoro da hayaƙi ne kawai. Dattijon da ƙullin yajin ƙuli ya zo a aljihu. Na ce, "Baba, ba za a ce mun raina musu gashi ba?" Ya ce a ci lomar farko haka nan don girmama mai wuta, sauran kuma naman namu ne tunda mun biya. Miyar da ke kan tebur a kwalba ta tumatir ce mai zaƙi da tsami, ita ma a tambaya, don wasu gidaje suna zuba mata romon da ya ɗiga daga nama ko giya. Abin sha da aka saba haɗawa da shi shayi ne mai sanyi da sukari ya yi masa yawa, ko Big Red, ko Dr Pepper, dukansu biyun a Waco aka fara yin su. Kayan zaƙi kuma, haɗin ayaba da madara ya fi kwanciyar hankali a kan masu ɓawon fulawa, waɗanda tsofaffin hannu suke murzawa da man alade. In an gama, kai za ka kwashe takardunka ka zuba a shara ka ajiye tire inda ake tarawa.

Muna fitowa wajen ƙarfe 1 aka rataye allon cewa ƙirji ya ƙare, da sauran mutane a layi, waɗanda suka iso bayan ƙarfe 10 ne. Ga mai iyali ko wanda ba zai iya tsayuwar rana ba akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi tsabta ga mai gudun alade: a yi oda kwanaki kafin ranar, a ce ƙirji guda sukutum ake so, a naɗe, kada a yanka. Gasasshensa yakan kai laba 5 zuwa 7, yawancin gidaje suna da taga ta daban ta masu oda, kuma wuƙarsu da katakonsu ba su taɓa shi ba. A sa shi a kula marar ƙanƙara a lulluɓe da tawul, zai riƙe zafinsa har gida. Wajen yankawa a gitta zaren tsokar, kada a bi shi, kuma a tuna tsokokin biyu ba fuska ɗaya suke kallo ba, in an kai tsakiya sai a juya naman. Ragowar da aka riga aka yanka kuwa kada ta wuce sa'a 2 a waje, sa'a 1 in ana tsananin zafi, a sa ta cikin ƙanƙara tun a filin mota. A firji tana kwana 3 zuwa 4. In za a ɗumama, a naɗe ta da ɗan ruwa ko kitsenta a sa a oben mai sanyin wuta, domin na'urar ɗumama abinci ta gaggawa tauri take sa ta. Wadda ta riga ta bushe a daddatse ta a zuba cikin dafa-duka dab da saukewa, a rage gishirin tukunya saboda ɓawon yana ɗauke da nasa.